Allon Medina da Jirgin Fiton Gummi

A ƙarshen watan Yulin 2024, damina ta kai tsakiya, muna tsaye a bakin mashigi kan hanyarmu ta zuwa Gwashi, muna jiran mai fito ya dawo daga wancan ƙetaren. Babura uku, buhunan taki, mata da goyo, sai wani saurayi da ya duƙufa kan wayarsa. Shi ya miƙo mana hoton da duniya ke yayatawa a kwanakin: mutum tsaye cak a sararin sama kamar an rataye shi da zare, ya ɗaga yatsa ɗaya, allonsa na tsaye a gefensa, teku kuma na tafasa a ƙarƙashinsu. Gabriel Medina ke nan, mutumin Burazil, ranar 29 ga Yuli a gaɓar Teahupo'o ta tsibirin Tahiti, inda aka kai gasar hawan igiyar ruwa ta wasannin Olamfik na Faris. A hawan da ya yi kafin wannan tsalle, alƙalai sun ba shi maki 9.90 cikin 10.

Da jirgi ya iso, saurayin ya nuna wa mai fiton, wani dattijo basarke da furfura ta gama cinye masa gemu. Ko kallon Medina bai yi ba, allon ya ƙura wa ido.

"Ɗana, wanga katako nawa ne nauyinai?"

Na ce, "Baba, da kaɗan ya wuce tiyar gero."

"In ya karye hwa?"

"Sai a miƙo masa wani."

Ya yi dariya yana kwance igiya. "Ashe ɗan gata ne. Mu in namu ya karye, gawa aka miƙowa."

Kwana 47 bayan ɗaukar wannan hoto, ranar Asabar 14 ga Satumba, jirgin da ya kwaso manoma zuwa gonakinsu ya kife a gulbi kusa da garin Gummi. Rahotanni sun sha bamban kan yawan waɗanda ke ciki, wasu sun ce 50 da ɗoriya, wasu sun kai su 70, amma akasarinsu ba su koma gida ba. Tun daga nan nake juya maganar dattijon nan, kuma na ga cewa wasan da ba mu da shi, mu 'yan Zamfara da ko teku ba mu da ita, yana ɗauke da wata tambaya da ta shafe mu fiye da yadda ta shafi masu yinsa. In aka rage wa abin hawa nauyi, ƙarko ake ragewa. To wa ke biyan kuɗin abin da aka rage?

Bari in fara da allon, domin tarihinsa tarihin ramewa ne. A tsibiran Hawai, inda wasan ya shahara tun kafin zuwan Turawa, sarakuna na hawa allon da suke kira olo, sassaƙen itace ɗaya mai tsawon mita 5 ko fiye. Duke Kahanamoku, gwanin ninƙayan da ya yaɗa wasan zuwa Ostireliya da Amurka a farkon ƙarni na 20, yana da allon itacen koa da ya haura kilo 50. Buhun siminti ke nan, ka ɗauka a ka zuwa bakin teku. Wanda ya hau irin wannan ba ya juyi, tsayawa yake ƙyam, ya bar igiyar ta tafi da shi, kuma gwanintarsa ita ce natsuwa da nisan tafiya. A ƙarshen shekarun 1920 Tom Blake ya fara raraƙe cikin allon ya mai da shi kamar akwati, ya zubar da kusan rabin nauyin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka koma itacen balsa marar nauyi ana lulluɓe shi da ƙyallen zaren gilashi, wato abin da muke kira faiba. A 1958 Hobie Alter da Gordon Clark suka kawo soso mai tauri ya maye gurbin itace. Wajajen 1967 'yan Ostireliya irin su Bob McTavish suka datse tsawon allon, a 1981 kuma Simon Anderson ya ci manyan gasa da allo mai fikafikai uku a ƙasa, tsarin da ake bi har gobe.

Kowane kilo da aka cire, sai salon wasan ya canza, in kiɗa ya canza kuwa rawa ma sai ta canza. Mai hawa ya bar tsayuwar sarauta ya koma yankan igiya, ya hau ƙololuwarta ya dawo, daga baya ya fara barin ruwan gaba ɗaya ya tashi sama ya wulwula ya sauka. Allon gwanayen yau bai cika wuce kilo 3 ba. Yadda ake yinsa ma abin sani ne, domin za mu dawo kansa. Ana fere soso zuwa siffar da ake so, da siririn katako a tsakiya a matsayin ƙashin baya, sai a shimfiɗa ƙyallen faiba a shafe shi da danƙon rezin har ya bushe ya zama ɓawo. Duk ƙarfin allon yana cikin wannan ɓawo. Na kasuwa akan yi masa shimfiɗa biyu a sama inda ake takawa, ɗaya a ƙasa. Na gwanaye sau da yawa ɗaya sama ɗaya ƙasa ne, kuma da ƙyalle marar kauri, a tsane rezin ɗin sosai. Irin wannan, diddige kaɗai na lotsa shi a ranar farko.

Mai karatu zai ce wauta ce. Ni ban gani ba. Ɗan wasa yana bin abin da alƙalai ke ba maki ne. A gasar duniya alƙalai 5 ke zama, a jefar da maki mafi yawa da mafi ƙanƙanta, a ɗauki matsakaicin sauran, kuma hawa biyu mafi kyau kaɗai ake lissafa wa mutum. Abin da suke nema a rubuce yake: wahalar abin da aka yi, sabon salo, sauri da ƙarfi. Babu layin da ya ce a ba mutum maki don allonsa ya shekara biyar. Saboda haka gwani na cinye alluna gomomi a shekara, kamfanin da ke ɗaukar nauyinsa na biya, kuma kowa ya san cinikin da aka ƙulla.

Ɓarnar tana faɗawa kan wanda ba ya cikin cinikin. Lokacin da Kelly Slater ya ci kambin duniya na farko a 1992, yana ɗan shekara 20 (ya tara 11 kafin ya gama), allunansa sirara ne ƙwarai, marasa faɗi, har ana kwatanta su da soyayyen dankali. Jama'a suka yi caa, kowa sai irin na Slater. Magidanci mai tumbi da ke zuwa teku ranar hutu ya sayi abin da ba zai ɗauke shi ba, ya yini yana shan ruwa, bayan 'yan watanni allon ya karye, ya sake zaro ɗaruruwan daloli. An kwashe shekaru kafin masu saye su farga su koma wa alluna masu kauri da faɗi. Kallon kitse suka yi wa rogo: sun ga tsallen, ba su ga abin da ke bayan tsallen ba.

Abin da ke bayansa ya fito fili ranar 27 ga Yulin 2021 a gaɓar Tsurigasaki ta Japan, a wasan ƙarshe na farkon gasar hawan igiya a tarihin Olamfik. Italo Ferreira, shi ma ɗan Burazil, ya hau igiyarsa ta farko, allon ya rabe biyu. Ya nufo gaɓa, aka tarbe shi da wani, ya koma ya doke Kanoa Igarashi ya ɗauki zinare. Wannan Italo ɗan mai sayar da kifi ne a garin Baía Formosa, kuma a kan murfin akwatin sanyaya kifin mahaifinsa ya koyi tsayuwa a kan ruwa, kamar yadda yaranmu ke koyon iyo da gora ko jarka. Ya san talauci, ya san abin hawa marar ƙarko. Bambancin ranar shi ne akwai allo na biyu da na uku a gaɓa, akwai masu ceto a kan baburan ruwa, akwai likita. Rashin nauyin allonsa bashi ne da wasu suka tsaya masa.

Kada a ɗauka Afirka baƙuwa ce a wannan harka. A 1834 wani Bature mai suna James Alexander ya rubuta cewa ya ga yara a gaɓar Akara suna bin igiya da ƙananan alluna a ƙarƙashin cikinsu, kuma yau ana yin wasan a Ngor ta Dakar, da Busua a Gana, da Tarkwa Bay a Legas. Amma mu nan Zamfara ta yamma, abin hawanmu a ruwa jirgi ne, kuma shi ma ya rame.

Jirgin kakanninmu sassaƙe ne. Masassaƙi zai shiga daji ya zaɓi maɗaci ko kawo ko maje da ya ƙosa, ya kayar, ya zauna makonni da gatari da gizago yana raraƙewa. Abin da ke fitowa ba shi da haɗi, ba ƙusa, ba ɗinki, don haka ba inda ruwa zai fara ci. Sai an tara majiya ƙarfi kafin a tura shi gulbi, kuma akan gaje shi. Wanda ke son shaida ya tuna jirgin Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a jihar Yobe a 1987, masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka tono shi a 1994. Tsawonsa mita 8.4, shekarunsa kimanin 8,000, kuma daga dangin maɗaci aka sassaƙa shi. Gaskiya ne laka ce ta adana shi ta hana iska taɓa shi, amma dai itacen ya yi nasa.

Ina manyan itatuwan yau? Gatari da injin yanka sun cinye na kusa, gawayi ya bi saura. Madobiya kuwa an yi ta lodinta zuwa Sin har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a 2017. Na nesa da suka rage suna cikin dazuzzukan da ba mai shiga da gatari ya kwana, kuma duk mutumin Anka ko Bukkuyum ya san dalili, wato 'yan bindiga. Masassaƙin da zai yi wata guda a daji yana sara, sautin gatarinsa kaɗai ya isa ya kira masa baƙi. Shi ya sa jirgi ya koma hannun kafinta. Ana sayo katako a kasuwa, a jera, a buga ƙusa, a cusa auduga ko tsumma a tsakani, a shafe da kwalta, a lulluɓe wurin rauni da gwangwani. In da kuɗi, a sayi jan katako. In babu, sai fari, irin su arere da ake kawowa daga kudu, wanda nauyinsa kusan rabin na kawo ne, kuma ruwa da rana da gara ba sa jin kunyarsa.

Ba zan yi wa jirgin katako ƙazafi ba. Ya fi sassaƙe faɗi, ya fi shi ɗaukar kaya, babur na shiga ya zauna daram, mutum biyu na iya ja da shi zuwa tudu in ruwa ya taso da dare. Sassaƙe kuwa, duk da ƙarkonsa, ƙunci gare shi da zagayayyen gindi, wanda bai saba ba in ya yi atishawa sai ya juye. Tsofaffin da ke cewa da ba a mutuwa a ruwa sun manta ne, ko kuma labarin bai kai rediyo ba a lokacin. Ba a kan tsoho da sabo nake magana ba. Abin da ya dame ni shi ne wanda ke zaɓar kaurin katakon, da abin da ke tura shi.

Mu ma muna da alƙalai a bakin gulbi, kuma makinsu ya fi na Olamfik tsanani. Alƙali na farko kuɗin fito ne, wanda ake biya bisa kai: sawu nawa ka yi, kai nawa ka ɗauka. Jirgi marar nauyi ya fi saurin tuƙi da gwangwala ko filafili, ya fi sauƙin juyawa, ya fi arha a sassaƙo, saboda haka shi ke cin gasa. Alƙali na biyu yawan jama'a ne. Bayan hatsarin Gummi, wani jami'in yankin ya shaida wa kamfanin dillancin labarai na Reuters cewa manoma fiye da 900 ke ƙetare wurin kullum, jirage kuma biyu ne kacal. Mai karatu ya yi lissafi da kansa. Ko kowane jirgi na ɗaukar mutum 30, sai ya yi sawu 15 kafin a kwashe su, kuma kowa na son ya isa gona da sanyin safiya. Alƙali na uku tsoro ne. Manomin da ya san dole ya baro gona tun rana na sama ba zai yarda a ce masa ya jira sawu na gaba ba. Zai taka jirgin, na bayansa ma ya taka, mai fito ya yi magana a ce masa Allah ke tsarewa. Haka salon fito ya canza, daga jira da lallaɓawa zuwa lodi da sauri, kuma jirgin ya bi salon kamar yadda allo ya bi tsallen Medina.

Ban ce siririn katako ne ya kifar da jirgin Gummi ba. Abin da aka fi ambata shi ne lodi fiye da ƙima a kan gulbin da ya cika ya batse, a shekarar da ambaliya ta riga ta yi wa garin ɓarna. Sai dai abubuwan biyu ɗan juma ne da ɗan jummai. Jirgi marar nauyi, in babu kowa ciki, yakan zauna can bisa ruwa, bakinsa a sama, ido ya ga kamar zai ɗauki kasuwa. Ana ta shiga yana ta nutsawa, kuma da yake nauyin duka na mutane ne, ba na gindin jirgin ba, ya taru a sama. Mutum biyar su karkata gefe guda don kauce wa reshe, shi ke nan. Sannan haɗin katako yana da iyakar abin da zai jure. A watan Mayun 2021 jirgin da ya nufi kasuwar Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi ya tarwatse a tsakiyar kogin Neja da mutum fiye da 150. A Nuwamban shekarar jirgin da ya ɗauko ɗaliban Islamiyya daga Badau zuwa Bagwai ya nutse a madatsar Watari ta Kano. Garuruwa daban, ruwa daban, labari ɗaya.

Amsar da ke fitowa daga Abuja ita ce faiba. Ministan harkokin teku, Adegboyega Oyetola, ya sha kira ga jihohi su kawar da jiragen katako su koma na faiba da na alminiyam, hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa kuma dokokinta sun hana tafiyar dare da lodi fiye da ƙima, sun wajabta rigar ruwa. Niyyar mai kyau ce, kuma jirgin faiba da aka gina da gaskiya ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa, yana iya shekaru masu yawa. Amma a nan ne labarin allon ya zama namu kai tsaye, domin faibar jirgi da faibar allo abu ɗaya ne: ƙyallen gilashi da rezin. Ƙarfinsa duka ya dogara ne da yawan shimfiɗar da aka yi. Mai gina wa Medina allo yana rage shimfiɗa da saninsa, Medina ya sani, ya yarda. Ɗan kwangilar da aka ba aikin jirage 20 yana iya rage shimfiɗa shi ma, ya shafe da fenti mai ƙyalli, kuma ranar ƙaddamarwa ba wanda zai gane. Katako in siriri ne, kafinta na gani, mai fito na ƙwanƙwasawa ya ji. Faiba ba ta faɗa wa ido gaskiya, sai ranar da ta ci karo da kututture a ƙarƙashin ruwa.

Akwai abu biyu kuma da ban ji ana faɗa a wurin rabon jirage ba. Na farko, itace na yawo a kan ruwa, faiba kuwa ta fi ruwa nauyi. Jirgin katako in ya kife, yawanci yakan tsaya a sama mutane su riƙe gefensa kafin agaji ya zo. Na faiba, in ba a gina masa ɗakunan iska ko an cusa masa soso a ciki ba, da ya cika ruwa sai ƙasa. Waɗannan ɗakuna kuwa su ne farkon abin da mai son rage kuɗi zai tsallake. Na biyu, gyara. Jirgin katako in ya tsage, ƙusa da auduga da kwalta na kasuwar Gummi ko ta Nasarawar Burkullu, kafinta na cikin gari, kafin la'asar ya koma ruwa. Faiba in ta fashe, sai rezin da sinadarin busar da shi da ƙyalle da wanda ya iya haɗawa. Wa ke sayar da su tsakanin Anka da Gummi? Ko Amurka ta ɗanɗana irin wannan. Ranar 5 ga Disamban 2005 kamfanin Clark Foam, wanda ke samar da mafi yawan soson alluna a ƙasar, ya rufe ba sanarwa, masu sana'ar suka wayi gari ba abin ferewa, farashi ya tashi. In masu dala sun rikice don masana'anta ɗaya ta rufe, ina ga mai fiton da jirginsa ya dogara da gwangwanin rezin daga Legas? Duk mun ga rijiyoyin burtsatse da suka mutu saboda ƙaramin ƙarfe guda. A wurinmu ƙarkon abu ya haɗa da wanda zai gyara shi a ranar da ya lalace.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne gwanayen kansu ba kullum suke gudun nauyi ba. Akwai alluna na soson zamani da rezin mai suna ifoksi da suka fi na gargajiya sauƙi da ƙarfi, amma da yawa cikin 'yan gasa na ajiye su in iska ta taso ko igiya ta yi ƙarfi, saboda allon na rawa a ƙafa, ba ya zama cikin ruwa. A Nazaré ta ƙasar Fotugal, inda Sebastian Steudtner ya hau igiya mai tsawon mita 26.21 a watan Oktoban 2020, dalma suke ɗura wa allon da gangan don ya yi nauyi ya manne da ruwa. (Mu a Anka da Bukkuyum ta wata fuskar muka san dalma, tun 2010 da ta kashe mana yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinare. Su kuma ita ke tsare musu rai.) Ma'ana, ruwan ranar ne ke yanke nauyin da ya dace, shi ya sa kowane gwani ke yawo da jakar alluna iri-iri. Sarkawa sun san wannan tun kafin a haifi Slater. Wanda ya kalli wasannin ruwa na bikin Argungu a Matan Fada, ko rigatar Yauri, ya ga ƙananan kwale-kwalen tsere da na su, kuma ba basarken da zai ce a ɗora wa irinsu buhunan shinkafa da amarya. Matsalar ita ce talauci ya bar mai fito da jirgi ɗaya, shi ne na rani lokacin da ruwa bai wuce ƙugu ba, shi ne na Agusta da Satumba lokacin da Gulbin Zamfara da Gulbin Ka ke tafe da itatuwa a ka.

Maganin gaskiya gada ce, kowa ya sani, kuma ba zan ɓata takarda ina roƙon abin da aka shekara ana roƙo ba. Kafin ta zo, akwai abin da bai kai kuɗin mota ɗaya ta ayarin gwamna ba. A 1876 majalisar Ingila ta yi dokar da ta tilasta zana layi a jikin jiragen ruwa, bayan gwagwarmayar Samuel Plimsoll da masu jiragen da ke cika su da kaya har su nutse da ma'aikata. In ruwa ya taɓa layin, lodi ya ƙare. Gwangwanin fenti ɗaya zai zana wa duk jiragen mashigi guda irin wannan layi, biyu ma, na rani da na damina. Amfaninsa shi ne ya cire gardama daga bakin mai fito. Yanzu in ya ce jirgi ya cika, da maƙwabcinsa yake faɗa, ko da surukinsa, ko da mai unguwa. In akwai layi, kuma Sarkin Ruwa da hakimi sun tsaya a bayansa, da fenti ake faɗa. Amma layi ba zai yi aiki a inda mutum 900 ke jiran jirgi biyu ba, domin yunwa za ta goge shi. Dole a ƙara yawan jiragen, kuma a nan nake ganin gara jirage 6 na jan katako mai kauri, waɗanda kafintocin yankin suka buga kuma za su iya gyarawa, da na faiba 2 da za a ɗauki hoto da su. In kuma faibar za a saya, to a rubuta kaurinta da yawan shimfiɗarta a takardar kwangila, a huda ɗaya a gaban jama'a a auna, a cika shi da ruwa a ga ko zai tsaya a sama, a horar da matasa biyu a kowane mashigi kan liƙi, a bar musu kayan aiki. Sannan a ajiye jirgi guda da ba ya fito, aikinsa kawai tsayawa a gaɓa da gwanayen iyo a lokutan cunkoso, safe da yamma. Shi ne allon Italo na biyu.

Na sake bi ta mashigin nan da rani, ruwa ya janye ya bar yashi, babura na wucewa ba sauka. Jirgin dattijon na kife a ƙarƙashin wata bishiya, shi kuma yana zaune a gefensa da guduma da tsohuwar wuƙa, yana ƙwaƙule ruɓaɓɓen tsumma daga tsakanin katakai. Na lissafa faci 7 na gwangwani a gindin, wani a kan wani. Na gaishe shi, na tambaye shi ko zai canza katakon ƙasa kafin ruwa ya sauko. Ya ce ya je ya tambayo kuɗin jan katako, ya dawo. Ya ɗaga wani guntun farin katako da ke jingine da bishiyar, ya auna shi a hannu ɗaya, ya ajiye, ya ce in miƙo masa gwangwanin ƙusa.